Gammon da Aka Yar a Bayan Katanga

Ran Litinin da safe Madam Basiratu ta buɗe ɗakin karatu na unguwarsu a Filinge, ta danna fanka, fanka ta yi mata kunnen ƙashi. Ta leƙa ƙarƙashin tebur. Batirin sola ya yi ɓatan dabo, sai wayoyi biyu a yanke. Ƙofa kuwa lafiyarta ƙalau.

Ɗan sanda Ibrah bai ɓata lokaci ba.

"Wa ad da mabuɗi?"

"Ni da Baba Garba, maigadi," in ji ta. Sai bakinta ya ƙara da cewa, "Ni dai tun Juma'a da rana ina gida."

Wannan ƙarin shi ya kai Baba Garba kwamisariya, ofishin ƴan sanda. Tsohon bai yi gardama ba, ya dai ɗauki butarsa ya bi su. In ba a ga batiri ba, aikinsa ya tafi, kuma sai gaban alƙali. Basiratu ta karance littattafan binciken da ke kan kanta kaf, har tana yi wa ƴan sandan ciki dariya. Yau ga ta ta miƙa mutum da jimla ɗaya.

Ta kira Mansur mai cajin waya, wanda ya daɗe yana yaba batirin.

"Ina kake ran Juma'a?"

"Abala, Madam, sai jiya niz zo." Ya duƙa ya duba wayoyin, ya yi tsaki. "Wanga da wuƙar albasa anka yanke shi. Ni da kwancewa zan yi, kuma ba ni barin na'urar ga ta bango, ta hi batirin daraja."

Ta sallame shi. Baba Garba kuwa, kowa ya san bayansa ko tulu ba ya ɗauka. A yashin ƙofa babu sawun babur, babu na kurar ɗaukar kaya. To yaya kaya mai nauyin buhun hatsi ya fita?

Sai ta lura babu ƙyallen da take rufe tebur da shi. Ta zagaya bayan katanga ta same shi a murɗe, an naɗe shi zobe, duk ya huhhuje. Gammo ne. A ka aka ɗauki batirin, ya karkace, ruwansa ya zubo ya ci ƙyallen. Wanda ya saba da batiri ba zai ɗora shi a ka ba. Wannan mai ɗaukar tulu ce. Kuma Baba Garba ba ya barin ƙofa sai lokacin sallar Juma'a, sa'ad da maza duk suke masallaci.

Saura mabuɗi. Nata yana rataye a ƙusa a ɗakinta. Mace ɗaya ce ta shiga ɗakin ran Juma'a: yayarta Mas'uda, mai jinyar mahaifiyarsu a tsohon gida, inda wuta ba ta kai ba. Ta zo roƙon a bar Inna ta riƙa kwanciya ƙarƙashin fankar ɗakin karatu da rana, don zafin bazara na hana ta numfashi. Basiratu, idonta a kan littafi, ta ce wurin karatu ne, ba gidan likita ba.

A tsohon gida ta tarar da Mas'uda tana daka. Kallabinta na kan igiya, huji ya fi a ƙirga, ga ƙuna a gefen wuyanta.

"Yaya, mi yac ci miki wuya?"

Mas'uda ta ajiye taɓarya. "Kin sani, tunda kinka zo. Kina barci nim maido mabuɗin."

"Baba Garba na kulle."

Mas'uda ta zauna daɓas a kan wani turmi da ke kife. "Garba? Wallahi ban sani ba. Na ce ran Litinin in maida shi, sai ƙahwata ta ƙi. Da kin leƙo Inna ko sau guda, da kin gane shi tun shekaranjiya."

Rabon Basiratu da gidan tun kafin a fara zafi.

Ta ɗaga labule. Ga batirin a gindin gado, an jona masa ƴar fankar maƙwabta, ita ma ta tsaya, don caji ya ƙare. Inna ta buɗe ido, ta lalubo hannunta.

"Basira, ke ta? Iskan ga da kinka aiko min, na yi barci kamar jinjiri. Allah shi yi miki albarka."

Basiratu ta juya ta dubi yayarta. Mas'uda ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe Basiratu har ta rasa bakin cewa amin.

A tsakar gida ta cire mayafinta ta fara murɗa gammon ɗaukar batirin.

"Ba ki iya ba, bari in ɗauka," in ji Mas'uda. "Ni nis sata."

"Ke kin ɗauki naki. Tare za mu kwamisariya, ki hwaɗi naki, in hwaɗi nawa. Gobe kuma a kawo Inna ɗakin karatu. Kama min."

Mas'uda ta kama mata, suka ɗora. Gammon bai zauna daidai ba, tun kafin su kai bakin titi ruwan ya fara ɗiga mata a wuya, ba ta ce a sauke ba.