Warƙar Ƙarshe ta Hamsatu

"Fita! Na ce ka fitar min daga gida!"

Zahida ta daskare a ƙofar kicin, tiren shayi a hannunta. Ba ta taɓa jin Ummanta ta ɗaga wa Mujtaba murya ba, sai yau.

"Umma, don Allah ku saurare ni..."

"Ba uwarka ba ce ni! Cikakken littafi na ba ka, ka dawo min da shi ba gindi!"

Mujtaba yana durƙushe a gaban wata gafaka, hularsa a hannu. A kan kujera kuwa Kawu Badamasi ne ya miƙe ƙafa yana jan carbi, ɗansa Kamil a gefensa yana ta murmushi kamar an yi masa albishir.

Ga yadda abin ya faro. Hajiya Sabuwa, uwar Zahida, shekara talatin ke nan tana Riyad tare da mijinta Malam Lado, direban wani kamfani a unguwar Sulay. Ko alif ba ta sani ba, kuma ba ta ɓoyewa. Amma tana da gafakar fata koriya da uwarta ta damƙa mata ranar da za ta bar Katsina. A ciki akwai littafin waƙoƙin mutanen da, rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, yadda magabata suke yi. Tun tana yarinya take jin cewa kakar uwarta, Hamsatu, ita ta rubuta shi da hannunta.

Duk sanda ta faɗa, sai mazan gidan su yi dariya.

"Mace? Da wane hannun, na tuƙa tuwo?"

Haka suke cewa, ba kunya ba tsoron Allah! Wanda ya fi kowa dariyar shi ne Badamasi, ɗan wan uwarta. Ya rantse kakansa namiji ne ya rubuta, saboda haka littafi nasu ne. Bana ya zo Umara, ya biyo ta Riyad wajen ɗansa, ya ce ranar Juma'a da gafakar zai hau jirgi.

Shi ya sa Sabuwa ta ba da littafin ga Mujtaba, ɗalibin da ke neman Zahida, wanda aikinsa gyaran tsofaffin littattafai ne a wani ɗakin karatu. Shekaru sun hargitsa warƙoƙin, wannan ya zaro, wancan ya cusa. Ta ce ya jera mata su, ya nemo inda marubuci ya sa sunansa.

Ya jera tsaf. Ta ƙarshe ce kawai babu.

"Gwaggo, ai na gaya miki," in ji Kamil, yana gyara agogonsa. "A kasuwar Dira ina ganin masu sayen irin waɗannan. Warƙar ƙarshe ita ce mai tsada, don nan suna da shekara suke. Yaron nan ya san abin da ya ɗauka."

"Yaya Kamil, ka ji tsoron Allah!" in ji Zahida.

"Ke yi min shiru!" Sabuwa ta juyo kan Mujtaba. "Kai kuma, muddin warƙar nan ba ta dawo ba, ko sunan Zahida ka kira, Allah ya isa. Yalla, halas!"

Mujtaba ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwayo sau ɗaya.

Tiren ya suɓuce daga hannun Zahida.

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Kamil kuwa ya samu hanya: yau kwalin dabino, gobe turare, duk da sunan gaida Gwaggo.

"Zahida, me za ki yi da mai shaƙar ƙurar takarda? Ni shago biyu gare ni."

"To ka auri ɗaya, ɗayan ya yi maka ƙawar amarya."

Abin da Kamil bai sani ba, da ƙurar takardar nan aka sace zuciyarta. Wasu samarin waƙar fim suke turo wa budurwa. Mujtaba labarin littafi yake kawowa, a falo, Umma tana gefe tana gyaran alayyafo tana yi kamar ba ta ji.

Shi ya ba ta labarin yadda takarda ta taso daga Sin, ta yada zango a Samarƙandu, ta shigo Bagadaza har aka yi kasuwa guda ta masu kwafar littafi. Shi ya ce mata a Turai a fatar maraƙi suke rubutu, har su ɗaure littafi da sarƙa don kada a gudu da shi. Ya ce a Tambutu an yi lokacin da littafi ya fi yawancin haja riba.

"A Ƙurɗuba ta Andalus kuma, habibti, an ruwaito unguwa guda mata sama da ɗari suna kwafar Alƙur'ani."

Ranar Umma ta yar da alayyafon.

"Mata? Maimaita! Maimaita da ƙarfi, ko iska ta kai wa Badamasi!"

Ga shi yau iskar ta juyo kansu.

Ranar Laraba da hantsi, Umma da Baba suka tafi kasuwar Aziziya sayen tumatir da albasa. Ƙofa na rufuwa Zahida ta ɗauki waya.

"Sanyin idona..." in ji Mujtaba. "Kin san an hana ni kiran sunanki."

"To kada ka kira. Ni na kira ka. Gaya min gaskiya, ta yaya ka san akwai wata warƙa? Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Da na yi shiru da na ci amanar wadda ta rubuta. Gafakar tana kusa?"

Ta jawo ta daga saman durowa, ta kwance.

"Ɗauko warƙar can ƙasa, ki juya bayanta. Dubi kusurwar hagu, ƙasan layin ƙarshe. Me kika gani?"

"Kalma ɗaya, ita kaɗai, kamar marainiya."

"Haka magabata suke yi, tunda ba lamba ba ɗinki. A ƙasan kowace warƙa sai su rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita. Ko iska ta watsa littafi, kalmomin nan za su haɗa shi. Da su na jera duka. Wannan kuwa tana kira, ba mai amsa mata."

Zahida ta fi iya Larabci a kan Hausa, tunda a nan aka haife ta, amma wannan rubutu mai ƙugiya-ƙugiya sai da ta ƙura ido.

"Tammat... wato an kammala?"

"Shi ne. Bayanta suna zai zo. Kuma ni ina zaton tun kafin a haife mu warƙar ta fita. Bayan wadda ke hannunki ya yi baƙi da gogar fata, alamar ta daɗe ita ce a ƙarshe."

"Me ya sa ba ka faɗa wa Umma ba?"

"Kin ga an bar ni na haɗiye yawu ma?"

Ta yi dariya, hawaye yana sauka. Tana mayar da warƙoƙin sai yatsanta ya faɗa wani gurbi a cikin murfin gafakar. An yanke fatar wurin, murabba'i, da wuƙa mai kaifi. Yanka tsoho.

Koriyar fata...

Ta tuna inda ta saba ganin irinta.

"Mujtaba! Gobe bayan la'asar ka zo."

"Umma za ta fasa min kai da muciya."

"Ka sa hula biyu."

Washegari falo ya cika. Kawu Badamasi ya zo ɗaukar gafaka, Kamil ya zo da sabon akwati da za a saka ta. Baba Lado yana lungu yana kurɓar shayi, don shi tun tuni ya koyi yin shiru idan Sabuwa ta hau.

Aka yi sallama. Sabuwa na ganin mai sallamar ta miƙe tana ɗaure zani.

"Ni ka raina ko?"

"Ni na kira shi, Umma." Zahida ta durƙusa ta kama ƙafarta. "Ina roƙon abu ɗaya. Ki kwance kitsonki na ƙeya."

Sabuwa ta kai hannu ƙeyarta.

A garin nan ba a wasa da laya, in an gani ƙwacewa za a yi, a haɗa da wa'azi. Shi ya sa shekara talatin Sabuwa take ɓoye tata a cikin kitso. Daga ita sai mijinta sai Zahida mai yi mata kitson suka sani.

"Ke, kin haukace? A gaban maza za ki tona ni?"

"Umma, wa ya ba ki ita?"

"Innata mana! Da safen da zan taho ta aika aka kira baduku ya ɗinke ta, ta ce in riƙe, kada in buɗe, kada in ba kowa."

"Da wace fata aka ɗinke ta?"

Zahida ta buɗe murfin gafakar, ta nuna gurbin.

Sabuwa ta dubi gurbin. Ta dubi 'yarta. Ta shige ɗaki fuu. Da ta fito, ɗankwalinta a karkace, ga 'yar laya a tafin hannunta, ta yi baƙi da man kitso, amma gefenta kore shar.

"Sabuwa, laya?" Badamasi ya riƙe baki. "A ƙasa mai tsarki?"

"Yaya Badamasi, wadda ke cikin hularka fa? In ciro maka?"

Ya gyara zaman hular. Baba Lado ya ƙware da shayi.

Ta miƙa wa Mujtaba layar ba tare da ta dube shi ba.

"In ka yaga min, sai na yaga ka."

Ya fito da 'yar wuƙarsa ta aiki, siririya kamar tsinke. Ya bi ɗinkin zare-zare, gumi yana tsattsafo masa. Ya ɗiga ruwa a auduga ya tausasa ninkin, yana buɗewa a hankali, har Kamil ya gaji ya ce a kawo almakashi.

"Ka taɓa almakashi a gidan nan, da shi zan yi maka aski!" in ji Sabuwa.

Takarda ta baje. Tawada baƙa da ja, kamar jiya aka rubuta. Mujtaba ya ajiye ta kusa da 'yar'uwarta, ya ja baya.

"Ba ni zan karanta ba, kada a ce na ƙara. Zahi... wato, ita ta karanta."

Zahida ta sunkuya. Kalmar farko ita ce wadda waccan warƙar ke ta kira. Ta riƙa karantawa tana mayarwa da Hausa.

"An kammala, da godiyar Allah. Asalin waƙoƙin nan daga Andalus suke. An kwafe su a Fas, daga Fas aka kwafe a Tambutu, daga na Tambutu mahaifina ya kwafa. Ni kuma na kwafa daga nasa, ni baiwar Allah Hamsatu 'yar Malam Ɗan'iya..."

Sabuwa ta dafe ƙirji.

"Akwai saura, Umma. Ta ce, wanda ya ga ɗigon tawada a warƙa ta arba'in ya yafe min, da goyo a bayana na rubuta, ita ta harbi gwiwar hannuna. Littafin na 'yar nan ne, daga ita sai 'yarta. Mai karatu, ka yi min addu'a."

Sai guɗa! Sabuwa ta rangaɗa ta har maƙwabta Misirawa suka buga bango.

"Inna! Allah ya ji ƙanki, Inna! Ashe sanin halinsu kika yi, kika ɓoye min shaidata a ƙeya!"

Ta juyo kan Badamasi, hannu a ƙugu.

"Shekara hamsin kuna min dariya. Ni jahila ce, na yarda. To kai mai ilmi, karɓi ka karanta. Wa ya rubuta?"

Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Hamsatu ce."

"Ban ji ba, kunnen jahila ne da ni."

"Hamsatu ce, Sabuwa!"

"Da wane hannun?"

Badamasi ya cire tabarau. Can sai ya fashe da dariya, har da hawaye.

"Da na tuƙa tuwon. Na sha kaye, ƙanwata. Ai ni ma kakata ce, Allah ya gafarta mata. In na koma, a zauren gida zan faɗa, kowa ya ji."

"Zahida, ɗauko waya ki naɗe shi, kada jirgi ya mantar da shi."

Kamil ya lallaɓa ya ja akwatinsa.

"Kai mai shago biyu, dawo! Wa ka kira ɓarawo a falona?"

Sai da ya ba Mujtaba haƙuri sau biyu, don na farkon ta ce bai fito daga ciki ba.

Daga nan ta tsaya a gaban Mujtaba. Ta gyara ɗankwali, ta yi tari, ta sake gyara ɗankwali.

"Ni ban iya lanƙwasa harshe ba. Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe min."

"Haba Umma, wallahi ba komai..."

"Akwai komai! Allah ya isan da na yi, na janye. Kira sunanta in ji."

Ya sunkuyar da kai, murya can ƙasa.

"Zahida..."

Zahida ta rufe fuska da mayafi ta ruga kicin, dariyar Baba Lado tana bin ta.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Ranar da za a kai amarya, Sabuwa ta fito rungume da gafakar. Mujtaba ya miƙo hannu biyu cikin ladabi, ta make hannun.

"Kai karatu aka ce ka yi. Riƙo na 'ya mace ne, ba ka ji abin da ta rubuta ba?"

Ta ɗora wa Zahida a cinya. A can ƙasa, bayan warƙar Hamsatu, akwai sabuwar farar takarda. Layi ɗaya ne a kanta, haruffa manya, a karkace, wani yana hawan wani. Wata uku Sabuwa ta yi tana koyonsa a hannun surukinta, tana zaginsa shi da alƙalamin.

Sabuwa.

"Umma... ke kika rubuta?"

"A'a, Badamasi ne! Share hawayen nan kada ki ɗiga min a kai. Ga wuri nan na bar miki a ƙasa, ki sa naki."