Ɗaurin Ɗanyar Fata

Duk abin da hannun Nafi'u ya ɗaure, ba ya kwancewa. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma tun da ya dawo Gure daga Damagaram da difloma ta ilimin kwamfuta ba a samu wanda ya musa ba, domin ba wanda ya taɓa ba shi wani abu ya ɗaure.

Ranar da aka fara ba shi, ranar ya ga Mardiya. Tana zaune a shagon buga takardu na mahaifinta, Malam Garbai, tana yi wa kwamfuta fifita da mafici, ita kuwa zufa na tsiyayo mata. Bazara ta kama, injin yana mutuwa da azahar ta yi, ga 'yan lise, ɗaliban sakandare, sun yi layi da dosiye, wato takardun neman shiga jarrabawa. Ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran. Ya ce shi ne injiniyan. Ta ce to, injiniya ya shigo.

Ya sa turnabis ya kwance kusoshin injin ya buɗe. Ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji, wanda ke zaune a kan ƙwaƙwalwar inji yana janye mata zafi, shi ne ke lilo. Ƙafafun roba huɗu ke riƙe shi a jikin allon da komai ke kansa, biyu sun riga sun karye. Ya danna ta uku don ya nuna mata ilimi, ita ma ta karye. Bai ga amfanin sanar da ita ba.

A Gure ba mai sayar da irin ƙafafun. Amma mahaifin Nafi'u mai haɗa sirdin raƙumi ne, kuma ɗan gidan ya san sirrin gidan: a jiƙa ɗanyar fata a ɗaure, in ta bushe ta matse har abada. Ya yanko siririya, ya zura ta ramukan allon, ya ƙulle ta baya, ya jira ta sha iska kafin ya kunna. Injin ya wuce azahar, ya wuce la'asar. Mardiya ta ajiye mafici ta karɓi lambarsa.

"Dabinona, yaya majinyacinmu?" ya rubuto mata washegari.

"Ya warke, Injiniyana. Ni ce dai yanzu ba ni da uzurin kiran ka."

Da maganar ta kai kunnen Malam Garbai, ya ce difloma ba ta taɓa cika rumbu ba. Ga Abatcha, mai motar haya tsakanin Gure da Damagaram, ya riga ya yi sallamar neman aurenta, har da alkawarin sabuwar kwamfuta. Sai da uwar Mardiya ta sa baki ya sassauto, ya kira Nafi'u gaban shago.

"In injin nan ya kai ƙarshen dosiye bai mutu ba, turo manyanka. In ya mutu, ko inuwar rumfar nan kada ka sake shiga."

Nafi'u ya durƙusa ya ce ai Baba ya riga ya ba shi ke nan.

Abin da bai lissafa ba, sirdi itace ne, kuma raƙumi ba ya kwana da wuta a ciki. Fata ta yi ta shan zafin inji, ta yi ta matsewa. Mardiya ta fara jin ƙauri irin na majema. Ta leƙa da fitilar waya, ta ga allon ya lanƙwashe kamar faifan da aka manta a rana.

"Injiniyana, allon yana rusunawa. Ina jin tsoro."

"Kwantar da hankalinki, Dabinona. Alamar ya kama ke nan."

Ya kama ɗin. Da safen da Malam Garbai ya tafi Gidigir ta'aziyyar wani amininsa, injin ya yi wata 'yar ƙara, ƙas, ya yi shiru. Nafi'u ya zo ya ga tsaga tun daga rami har gefe. Ya daɗe a tsugune. Sabon allo sai Damagaram, aljihunsa kuwa ko kuɗin motar ba zai ɗauka ba. A ƙarshe ya ce zai faɗa wa Baba gaskiya.

"Faɗa masa," in ji Mardiya. "Abatcha zai gode maka."

Ta ce Baba ba zai dawo ba sai an yi sadakar uku. Ta ce ya rubuta mata sunan allon da na ƙarfen, ya tafi gida. 'Yan lise kuma ta shaida musu tawada ce ta ƙare.

Washegari da hantsi ya hango ta a tasha, jingine da tagar motar Abatcha, tana miƙa masa wani ƙulli, har da murmushi. Zuciyarsa ta yi baƙi.

"Ashe kin gaji da jiran gawa. Allah ya ba ku zaman lafiya," ya rubuta mata.

"Amin. Gobe da azahar ka zo da turnabis ɗinka."

Abatcha da kansa ya kawo wani kwali daga Damagaram. Ya dubi Nafi'u, ya dubi injin da ke buɗe, ya fahimci abin da ya ɗauko. Ya ce shi direba ne, ba ya tambayar kaya inda za su. Ya sanar da su kuma cewa motar Gidigir tana bayansa, ya ga hular Malam a gaba. Ya fita bai jira godiya ba.

Suka ja ƙofa. Nafi'u ya yanke fatar, ya kwashe komai zuwa sabon allo. Ya goge tsohon man da ke isar da zafi ga ƙarfen, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa a tsakiyar ƙwaƙwalwar, ya ɗora ƙarfen daidai ba tare da ya goga shi ba. Ƙafa ta farko ta ce ƙat. Ya tsallaka kusurwar da ke fuskantar ta, don kada nauyi ya karkata, ita ma ta shiga. Ta uku ta bi. Ta huɗu ta ƙi.

A waje suka ji muryar Malam Garbai. Mai shayi ya tare shi da gaisuwar ya haƙuri, tela ya taso, mai faci ya biyo. Nafi'u ya tattara ƙarfinsa a babban yatsa. Mardiya ta kama bakin hannun rigarsa.

"Kada ka danna. Juyo ta tukuna, kanta bai daidaita ba."

Ya juya ta. Ta shiga. Ya girgiza ƙarfen, bai motsa ba. Ya haɗa wayar fanka, ya rufe, ya kunna, yayin da a waje ake shafa fatiha ga mamacin, wanda bai taɓa yi wa kowa alheri irin na ranar ba. Da Malam ya turo ƙofa, Mardiya tana buga dosiye, ɗanyar fatar tana ƙarƙashin takalminta.

Injin ya kai ƙarshen dosiye. Manya suka zo, aka ɗaura aure bayan girbi. Abatcha ne ya kwaso dangin amarya daga ƙauye. Malam Garbai ya sa albarka, ya roƙa musu zuri'a ta gari, ya shaida wa jama'a cewa ya ba da 'yarsa ga yaron da aikinsa ba ya buƙatar a sake shi. Ango ya sunkuyar da kai, irin na mutumin da ba ya son musa wa surukinsa.

Da aka zo kai amarya, uwarta ta ce a aika garin Bune, a karɓo saniyar da kakar Mardiya ta ba ta a wajen makiyayi, don gidan sabon aure bai kamata ya rasa nono ba. Mardiya, wadda ta san saniyar tuni ta zama kuɗin sabon allo, ta gyara lulluɓi ta ce a bar aiken, Inna, ita nono ya daina yi mata daɗi. Uwar ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ce Allah ya sa albarka, ta tura ƙwaryar da ta tanada ƙarƙashin gado.