Muryar Kwamfutar Mahbuba

"Sau biyar, Sharafaddeen! Sau biyar muryar nan tana ɗaukewa cikin wata biyu!"

Mahbuba na zaune a zauren gidansu, tafinta a kan kwamfutar da ta yi gum. Tun tana shekara tara ta rasa ganinta. Da muryar da ke karanta mata rubutu take shirya darasi a Islamiyyar mahaifinta, yau kuma a gaban aji muryar ta mutu.

Sharafaddeen, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Illela, ya sunkuyar da kai. Ya san Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, iri-iri ne: akwai mai sabunta kansa kullum, yau lafiya gobe ya karye, akwai kuma mai shekaru bai ko yi tari ba. Na farkon ya sa mata, da gangan. Mahaifinta Malam Hamidu ba ya barin saurayi ya tsaya masa a zaure, amma mai gyara yana shiga.

"Laifina ne," ya ce.

"Mi?"

"Na san wanda ba ya lalacewa, na ƙi sa miki... In ta zauna lafiya, da wace hujja zan riƙa ganinki?"

Hawaye ya gangaro mata.

"Yara ashirin na jirana, ni ina lalube! Kai fa ka fi kowa sanin yadda shirun nan yake a wurina."

"Ki yafe mini, Mahbubata..."

"Mi ne sunan na ƙwaran?"

"Debian. Ba shi da kwalliya, amma ba ya ba da kunya. Orca mai karanta rubutu na ciki, ko sa shi ma da murya ake yi."

"Miƙo. Da hannuna zan sa."

Ya jona mata filashin da ya ɗauko Debian a ciki, ya gaya mata harafin da za ta danna. Murya ta tashi. Ya koma gefe yana kallon yatsunta, duk tambayar da ta amsa sai ya ji kamar ƙofar gidan ake turawa a fuskarsa.

Ana kiran la'asar ta gama. Ya rataya jakarsa.

"Shi ke nan, ba ki da sauran buƙatata."

"Mai gyara kam, na sallame shi." Ta share ido da gefen hijabi. "Baba na gida ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Kana da kawu ko?"

Jakar ta kusa suɓuce masa.

"Ina da... Yafiyar fa?"

"Fara turo kawun tukuna."