Ranar Da Aka Yanke Turun Mas Tarno

"Ki bar karatun nan kawai, Lastri! Ibu ta ce in kin bari, maganar aurenmu na nan."

Gunadi ne, kafintan da zan aura, ya kawo mini saƙon mahaifiyarsa a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa inda nake koyon kula da marasa lafiya. Ko sauka daga babur bai yi ba, garin katako har a girarsa.

"Mas, saura wata biyu fa in gama..." Mas muke ce wa namijin da ya girme mu, yaya ne ko masoyi.

"Ta ce ciwon yayanki ma ya isa abin tsoro, sai kuma ki yini cikin mahaukata ki dawo ki dafa mana abinci?"

"Kai me ka ce mata?"

Ya kawar da kai. Wallahi hakan ya fi zagi ciwo.

"Masoyiyata, uwata ce fa..."

"Shi kuma yayana ne!"

Shekara tara yayana Mas Tarno yana turu a rumfar bayan gidanmu, tun ranar da ciwon ya tashi ya fasa wa maƙwabci kai. Mahaifinmu da hannunsa ya sa masa, yana yi yana kuka. Don shi na shiga karatun nan, kuma Gunadi ya fi kowa sani.

Daga ranar bai sake kira ba. Ni ma ban kira ba, ina da nawa taurin kan. Sai dai kaɗaici, kai, bai da kyau! In dawo ɗakin haya, in kwance ƙullin shinkafa a ganyen ayaba, in ci rabi in ture. Ranar Lahadi kowa na da mai zuwa ɗaukarsa ban da ni.

Malamarmu Bu Sumini kullum maganarta ɗaya: "Kada ki tsaya a kan mara lafiya. Zauna ƙasa, nuna masa tafin hannunki, faɗi sunanki, nemi izini kafin ki taɓa shi." Da filo nake gwadawa. Har ta kai filon ne kaɗai abokin hirata.

Da asibiti ya yarda a ɗauko Mas Tarno, da ni aka je ƙauyenmu. Ashe makullin turun ya ɓata tun rasuwar mahaifinmu, kwaɗon kuwa tsatsa ta cinye shi. Mazan ƙauye suka yi cirko-cirko daga nesa, an rasa mai matsowa.

Sai ƙarar babur. Gunadi, riƙe da zarto! Murna ta kama ni.

Ya faɗa rumfar kai tsaye ya tsaya ƙerere a kan yayana. Mas Tarno ya ƙwalla ihu, ya rungume turun.

"Ajiye zarton, Mas Gunadi! Zauna ƙasa!"

Ya zauna cikin kashin kaji. Na durƙusa na buɗe tafukana.

"Mas Tarno, ni ce Lastri. Ka yarda mu yanke icen nan?"

Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya gyaɗa kai. Gunadi ya ɗauki zarton ya fara yanka.

Da icen ya rabu biyu na bi Gunadi waje, har ina tuntuɓe.

"Na san za ka zo, abin ƙaunata..."

Bai kalle ni ba. "Jiya iyayena sun kai gaisuwa wani gidan, Lastri. Na ce musu ba zan amsa ba sai na yi wannan tukuna. Ki yafe mini."

Na tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ina son sa, kuma na rasa shi, ba wani kwana-kwana.

Na goge fuska na koma ciki. Mas Tarno bai ɗaga ƙafar ba, tana nan cikin gurbin icen, siririya kamar kara. Ya ƙura mini ido.

"Lastri? Kin girma... Wa ya sa ki kuka? Faɗa mini, ai yayanki na nan."

Na zauna ƙasa kusa da shi.

"Ba kowa, Mas. Ka yarda in riƙe ƙafar? Mu ɗaga ta tare."