Sunan Aikin Baba

Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ke zaune da iyayenta a Selly Oak, cikin birnin Birmingham. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma tana da hali guda. Bakinta ba ya iya cewa "ban sani ba". Ko nauyin watan da ke sama aka tambaye ta, sai ta ba da amsa.

A da tana zuwa ajin Hausa duk Asabar a ɗakin karatun unguwarsu. Sai hukuma ta ce babu kuɗi, aka rufe wurin. Hausarta ta tsaya nan, ita kuwa gani take ta gama iyawa.

Mahaifinta, Injiniya Halliru, yana aiki a wurin gwada sababbin motoci. Wata rana aka ba ma'aikata dama su kawo iyalansu, ya tafi da ita. Ya shigar da ita wani dogon ɗaki mai kama da ƙaton bututu. A ƙarshensa akwai fanka da ta kusa kai gidansu tsayi. A tsakiya ga mota, an manna mata gajerun zare a jiki.

"Wannan shi ne wind tunnel," in ji Baba. "Motar ba ta motsi. Iska ce ke gudu."

Suka koma bayan gilashi, aka kunna fanka. Duk zaren ya kwanta luf, sai na wajen madubin gefe ne ke ta rawa. Baba ya sa mata abin saurare a kunne. Ta ji wani siririn fito kamar na buta a kan wuta. Ya ce madubin ne ke wannan ƙarar, kuma in aka bar shi haka zai dami direba. Shi ya sa ba a sakin mota a titi sai an gwada ta, an gyara.

Abin ya burge ta ƙwarai. Ta ƙagu ta ba kakarta Inno labari.

Inno ita ce mahaifiyar Baba. Ta zo daga Kano, ta sauka gidan Gwaggo Jamilatu a Manchester, saura kwana uku ta koma. Tana ji da yarinyar, ba ta kiranta da komai sai "ƙawata".

Ranar Asabar suka kama hanyar Manchester, za su bikin suna gidan Gwaggo. A mota yarinyar ta yi ta lissafi. Mai aikin kasuwa ɗan kasuwa ne. Mai aikin jarida ɗan jarida ne. To mai aiki da iska fa? Ai wannan ba wuya.

"Me kike ta ƙus-ƙus?" in ji Mama. "In wata kalma ce, ki tambaye ni."

"I know it, Mama. Na sani."

A gidan Gwaggo da ke Cheetham Hill falo ya cika da mata, ana cin waina da miyar taushe. Inno ta jawo ta jikinta. Wata baƙuwa ta tambaye ta aikin da babanta ke yi. Yarinyar ta miƙe tsaye don kowa ya ji.

"Babana babban ɗan iska ne. A wurin aikinsu babu wanda ya kai shi."

Wasu suka rufe baki da mayafi. Inno ta yi salati, ta janye hannunta, ta kau da kai.

Mama ta ja yarinyar kicin, ta gaya mata ma'anar kalmar. Ɗan iska shi ne mutumin banza, marar kunya. Ashe mahaifinta ta zaga a gaban mahaifiyarsa. Ta fashe da kuka. Har yamma Inno ba ta kira ta ƙawata ba. Yarinyar ta ma ji Inno tana ce wa Gwaggo 'ya'yan ƙasar nan ba su san girman iyaye ba. Wannan ya fi komai yi mata zafi, ga Inno ta kusa tafiya.

Da labari ya kai wa Baba, sai da ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya zaunar da ita.

"Kin tuna madubin nan mai fito?"

"Na tuna."

"Kalmarki ma sabuwar mota ce. Kin sake ta a titi babu gwaji."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Baba, ban san yadda zan faɗa ba. Koya mini."

Ya koya mata. Ta maimaita a gabansa, ta maimaita a gaban Mama, suka gyara mata wuri biyu.

A gidan Gwaggo suka kwana. Washegari ta ari ƙaramar fanka da motar wasa, ta manna wa motar zare. Ta durƙusa gaban Inno ta gaishe ta.

"Inno, ki yafe mini. Babana injiniya ne. Yana gwada mota da iska, don ta yi gudu ba tare da ƙara ba. Kin gani?"

Ta kunna fanka, zare ya kwanta. Inno ta dubi mota, ta dubi jikarta, sai dariya ta ƙwace mata.

"Ashe iskar Allah kike nufi. Zo nan, ƙawata. To shi wannan ɗaki na iska, me sunansa? Ni ma ban sani ba, koya mini."

Ta koya mata. Inno ta ce "win tanal", aka yi ta dariya.

Daga ranar, duk sabuwar kalmar da yarinyar ta samu, sai ta gwada ta a gida kafin ta fita da ita. Ta gane cewa "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.