Kuɓewa a Kan Sola

"Innalillahi! Wa ya yi shanya a kan motar nan?!"

Khaula ta yar da katin asibitin da ta dawo da shi daga Gaya, ta taka tsani ko takalmi ba ta cire ba. Faifan sola huɗu ne a saman motar, duk an rufe su da buhuna, an baza yankakkiyar kuɓewa.

Rana kuwa ta riga ta yi ja.

"Ke 'yar nan, kar ki zubar min da kayan miya!" in ji Goggo Hajara, yayar mahaifinta, tana dogara sanda. "Ƙasa duk ta jiƙe. Zaituna ce ta ce ga wuri busasshe, har da ɗumi. Ita ma ta hau min, Allah ya yi mata albarka."

Khaula ta dubi Zaituna, 'yar ƙanin mahaifinta, wadda ta fi shekara tana aika wa Mus'ab, saurayin Khaula, fura ana dawo mata da ita. Zaituna ta ci gaba da tsifar kanta.

"Tun yaushe, Goggo?"

"Tun hantsi."

Khaula ta shiga yaye buhunan.

Motar ta Mus'ab ce, mai kiwon zuma. Tsohuwar bas ce ya cire kujerunta, ya sa gado da labule da 'yar kantar tukwane, yana bin amyoyinsa da ita daga Toranke zuwa Kademi, duk inda itatuwa suka yi fure. Mutanen garinsu, Balan, suna ce masa kunkuru, mai yawo da ɗakinsa. A cikin wannan ɗakin yake son ajiye Khaula.

Ita kuma tun tana ƙarama take da ciwon suga. Kullum sai ta yi allura, ruwan allurar kuwa ba ya son zafi. A gida, a kantin maganin bakin titi ake ajiye mata.

"A daji wane kanti za ka kai?" Baffa, mahaifinta, ya tambaye shi ranar da ya zo gaisuwa.

"Akwai firji a motar, Baffa."

"In rana ta ƙi fitowa fa?"

Mus'ab bai yi gardama ba. Ya sayar da rabin amyoyinsa, ya ƙara faifai biyu a kan biyun da yake da su, ya haɗa sabon babban batir a ƙarƙashin gado. Kwana uku yana ɗaure wayoyi, Khaula na miƙa masa sukurdireba ta taga.

"Hasken idona, wannan batirin ko hadari ya kwana huɗu zai riƙe."

"In ya kwana biyar fa?"

"Sai in hura masa numfashina."

"Kai dai akwai daɗin baki..."

Baffa bai san batir ba, amma ya san nono. Ya tatsi madara da hannunsa, ya sa a firjin, ya kulle motar a ƙofar gidansa, ya jefa makullin a aljihu.

"Kwana biyar. Kar ka taɓa ta, kar ka zo. In madarar nan ba ta juya ba, na ba ka Khaula. In ta juya, ka nemi wata."

Sai marka ta sauka. Kwana uku sama kamar an kifa tukunya. Khaula takan manna kunne a jikin motar, ta ji firjin yana gurnani a hankali, kamar mage mai barci. Yau, rana ta huɗu, gari ya waye tas. Ta tafi asibiti tana murmushi, ta san batirin zai sha rana ya ƙoshi.

Yanzu ta sauko, ta sake manna kunnenta.

Shiru.

Washegari da hantsi Mus'ab ya iso, ya sa farar shadda, har da turare. Baffa ya buɗe motar a gaban ƙannensa. Ya buɗe ƙwarya, ya shinshina, ya karkata ta.

Madarar ta kama, ta fitar da ruwa.

"Baffa, ba laifinsa ba ne!" Khaula ta fito daga zaure ko mayafi ba ta gyara ba. "Jiya..."

Mus'ab ya ɗaga kai. Ya ga 'ya'yan kuɓewa maƙale a gefen faifan. Ya ga Goggo Hajara a bakin ƙofa, hannu a baki, ta fara gane abin da ta yi.

"Khaula, yi shiru," ya ce. "Lissafina ne bai kai ba, Baffa."

Da mutane suka watse ta same shi a bayan motar.

"Me ya sa? Ka san an rufe su! Zaituna ce!"

"Na sani."

"To ka faɗa mana! Baffa zai sake ba mu kwana biyar!"

"In tona tsohuwa a gaban ƙannenta maza?" Ya share fuska. "Kuma ba shi kaɗai ba ne. Da na ga ƙwaryar nan, ba madara na gani ba. Ke na gani, a dajin Toranke, babu titi, babu kanti."

"Na yarda! Wallahi na yarda, masoyi!"

"Ni ban yarda ba. Jiya buhu ne. Wata rana waya ce za ta tsinke ina can kan bishiya."

"Mus'ab..."

"Gara ki tsufa a ɗakin wani ina jin labarinki."

Ta durƙushe tana kuka. Bai taɓa ta ba. Ya ɗauko sufana ya hau saman motar.

Har azahar yana aiki. Ya kwance faifan huɗu, ya ɗaure su a kan kwanon ɗakinta, can sama inda tsani ba ya kaiwa. Ya shigar da batirin da firjin, ya haɗa, ya tsaya har ya ji gurnanin ya dawo. Baffa yana zaune a zaure, bai hana ba, bai kuma iya ɗaga ido ba.

"Kai da me za ka ga haske?" Khaula ta tambaya.

"Ina da aci-balbal."

Ya tada motar. Samanta tsirara, sai ramukan kusoshi.

Ta bi shi da ido har ya sha kwanar Ajingi. Lokacin allurarta ya yi. Ta shiga ɗaki, ta buɗe firjin, sanyi ya bugi fuskarta, ta daɗe a tsaye ba ta rufe ba.