Turmin Gidan Tarihi

Ku rufe baki ku ji. Mai dariya ya tashi ya ba ni wuri.

Hansai, 'yar ƙanwata, ta je biki wani ƙaramin gari da jaririnta a baya. Aka ce mata akwai gidan tarihi bayan kasuwa, inda aka tara kayan mutanen da. Ta tafi ita kaɗai, rana tsaka. Mai gadi ya tafi azahar, ya bar ƙofa a buɗe.

Ta shiga. Ga masaƙa, ga tuluna, ga akussa a jere. Ba kowa.

Sai ta ji daka. Tim. Tim.

A ɗakin ƙarshe wata tsohuwa ce tsaye kan wani baƙin turmi da aka kewaye da igiya. Tana daka tana nishi.

To, mu muka raini Hansai. Ba ta wuce babba yana aiki.

"Sannu Iya. Kawo in karɓa miki."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Ta tsallake igiya ta karɓi taɓarya. Tana cikin daka ta leƙa turmin. Babu ko ƙwayar gero. Ta so ta ajiye, hannu ya ƙi saki.

"Yaron zai jigata," in ji tsohuwar. "Kawo in riƙe miki."

Daga cikin turmi muryar ta fito. Bakin tsohuwar bai motsa ba.

Hansai ta dubi ƙasa. Dugadugan tsohuwar ne a gaba.

"Yana barci, Iya."

"Na iya raino. Nawa ma nan na kwantar, na ce bari in gama."

Yatsu masu sanyi suka kama ƙullin majanyi. Ya fara sassautawa. Hansai ba hannu. Ta sunkuya ta dantse majanyin da haƙora, tana Ayatul Kursiyyu a zuci. Tsohuwa na ja, ita tana cije.

Sai sallamar mai gadi daga zaure. Taɓarya ta faɗi. Ɗakin ba kowa sai Hansai da goyonta.

Mai gadi ya dube ta, ya dubi turmin.

"Baiwar Allah, kin ba ta?"

Ta girgiza kai, majanyi a baki.

"Fita. Kada ki waiwaya."

Yaron yana nan, ya girma. Haƙoran Hansai na gaba kuwa, can ta baro su.

Kayan da masu shi suka mutu, da ido ake kallo. Kada wadda ta shiga irin gidan nan ita kaɗai. In kuma kun ji daka inda ba a hura wuta, ku riƙe ladabinku ku wuce.

Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta.